Nonon da ke Cikin Firigo

Ranar da hutun haihuwar Zuhura ya ƙare, kafin ta taɓa tsintsiya ko tukunya sai da ta zauna a bakin gado da kofi a hannu, tana tatsar nononta kamar yadda Hawa, ungozomar likita, wato asibitin unguwarsu, ta koya mata. Aikin ba daɗi, ba kuma sauri. Ta haɗa na safiyar da wanda ta tatsa jiya da maraice, ta juye a kwalba mai marfi, ta fito tsakar gida tana riƙe da ita da hannu biyu. Abincin jariri ɗan wata biyu da rabi ke nan, daga fitarta har dawowarta.

Firigon gidan na surukarta ne, Inna Kande. Da shi take sana'ar ƙanƙara da zoɓo, kuma ko autanta Tanimu, mijin Zuhura, wanda shi ya sayo firigon, ba ya buɗe shi sai ya yi gyaran murya.

Zuhura ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Inna, ga na yaron nan. In ya yi kuka a sa kwalbar cikin ruwan ɗumi, a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Ba shi buƙatar ruwa, ba shi buƙatar komi bayan wanga."

Inna ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta sama tana dubawa a hasken rana.

"Wanga mi na na?"

"Nono na, Inna."

"Na wace saniya?"

"Nawa na."

Tsohuwa ta dube ta daga ɗankwali har silifa. "To, Madan. Mu dai zamaninmu akuya aka tatsa. Aje shi can ƙasa, kada shi taɓa mini zoɓo."

Madan shi ne sunan da Inna ke kiranta da shi in tana jin tsokana, don Zuhura malamar lakkwal ce, wato makarantar boko. Makarantar tana wani ƙauye a kan hanyar Bambeye, kilomita ashirin daga Tahoua, kuma a kan ƙaramar motonta, wato babur, take zuwa. Ta fita bakwai na safe, ba ta shigowa sai wajen biyu. Da ta kai wa darektansu maganar shayarwa, mutumin ya nuna kirki ƙwarai. Ya ce awarta ɗaya tana nan yadda doka ta ba ta, ta ɗauke ta duk lokacin da ta ga dama. Awar kuwa ta isa ta kai ta ƙofar gida ta juyo da ita, in dai ba ta kashe moto ba. Goyon yaro a kan moto cikin zafin bazara kuma, Inna ta ce sai dai bayan ranta. A nan Zuhura ba ta ga laifinta ba.

Akwai kuma abin da ya ɗaure mata baki tun farko. Yaron ɗan fari ne, sannan sunan marigayi mahaifin Tanimu aka sa masa, Almustafa. Inna ba ta faɗin sunan mijinta, Zuhura ba ta faɗin sunan surukinta balle na ɗan farinta. Inna ce ta raba gardama ta ce angonta ne, sai gida duka ya kama kiransa Ango. Uwar ɗan fari kuwa an san yadda ake so ta zama: ta shayar, ta miƙa, ta kau da kai. In yaro ya yi kuka a gaban manya ba ta zabura, in ya yi dariya ba ta nuna ta gani. Zuhura ta yi karatu har ta zama mai koyarwa, amma kunyar nan a jikinta take, kuma tana son a ce tana da ita.

A ranar farko ta dawo ƙirjinta kamar an cusa duwatsu, gaban rigarta ya jiƙe tun tana aji, sai da ta ja mayafi ta rufe don kada yara su gani. Tun daga zaure ta jiyo kukan Ango. Ta jingine moto, ta miƙa hannu, Inna ta janye shi.

"Tsaya tukun. Nonon ga ya sha rana tun daga Bambeye, ya tahwasa. Kina ba shi, ciki nai shi ɗauka. Tahi ki wanke, ki matse na bisa ki zubas, ki sha ruwa, ki zamna inuwa jikinki shi huce."

Zuhura ta yi yadda aka ce. Ta zauna a inuwar itacen lemun tsamin da ke tsakar gida tana kallon ƙasa, yaron yana tsala kuka a kafaɗar kakarsa, nono yana ɗiga daga jikinta shi kaɗai. Rabin awa Inna ta ɗiba kafin ta yarda nonon ya huce. Abin da ya sanyaya wa Zuhura rai shi ne kwalbar da ta gani a wanke, an kife ta a kan bango. Ta ce a ranta, ko ba komai ya sha.

Haka aka yi gobe, haka aka yi jibi. Kullum kwalba a wanke, kullum rabin awa a gindin lemu.

A mako na biyu Ango ya fara gudawa. Inna ta ce haƙora ne. Zuhura ta yi ƙasa da murya ta ce yaron ko wata uku bai cika ba, Inna ta ce zuri'arsu da wuri suke haƙora, marigayi ma an ce da haƙori ɗaya aka yi sunansa. Da gudawar ta ƙi tsayawa sai laifi ya koma kan nonon rana, aka ƙara wa zaman inuwa minti goma. Da wannan bai yi ba, aka ce bakin maƙwabta ne, tun ranar suna suke yaba kumatunsa. Kumatun kuwa sun fara komawa ciki. Cinyoyin da Zuhura ke matsawa a ɓoye in ba kowa a ɗaki suka saki, fatar ta yi yawa. Wata rana tana cire masa riga ta ji wani ɗaci-ɗaci na saiwoyi a wuyan rigar, da tabon abu mai kauri wanda ba nono ba ne.

Ranar Asabar ta kai shi awo. Ta roƙi Inna ta raka ta, Inna ta ce gwiwoyinta ba sa kai ta likita, ko masallacin ƙofar gida da dabara take zuwa. Hawa ta ɗora yaron a sikeli, ta duba, ta sauke shi ta sake ɗorawa. Sannan ta buɗe karnensa, ɗan littafin da ake zana nauyin jariri a ciki, ta ɗiga alƙalami a ƙasa da inda ta ɗiga wancan watan. Layin da ke hawa ya karyo.

"Kina ba shi ruwa?"

"A'a."

"Kunu?"

"Nono kaɗai nika bari."

Hawa ta rufe karnen. Ta yi shekara ashirin tana awon jariran Tahoua, ta san gidaje ba tare da ta shiga ba. "Ke kina bari. Wa ka ba shi?"

Amsar ta zo ranar Talata, kuma tayar moto ce ta kawo ta. Zuhura ba ta fita gari ba ƙusa ta huda mata taya, ta bar moton wajen mai faci, ta dawo gida da ƙafa don ta jira. Ba ta yi sallama da ƙarfi ba. Ta tarar da Inna a sunkuye a gindin lemu, tana tsiyaye kwalbar a kan saiwa har ɗigon ƙarshe, tana girgizawa. A kan tabarma ga Ango, ga kofin kunu, ga wani ƙoƙo da jiƙon bauri, ga cokali.

Inna ba ta ko firgita ba. Ta miƙe tana dafa ƙugu.

"Kin gani da idonki, na huta da wanke kwalba a ɓoye. Ɗiyata, nonon da yab bar jiki ya mutu. Ya kwan cikin sanyi tsakanin zoɓo da ƙanƙara, kuma ki ce in ɗura ma angona? Guba ta. Ni ban iya kashe shi da hannuna don takarda ta ce. Kuma ɗan Adam cikin zahin ga a ce ba shi shan ruwa? Ko jaki ana kai shi rijiya."

"Inna, Hawa ta ce nauyi nai ya ragu."

"Hawa ɗiya nawa tar rena? Ni bakwai." Ta sunkuya ta ɗauki yaron, ta sumbaci goshinsa, kuma duk wanda ya ga sumbar ya san ba ta ƙarya ba ce. Sannan ta yi ɗan murmushi. "Duniya dai ta canza. Yau uwar ɗan hwari ka tsare surukuwa tana bin ba'asin cikin ɗanta."

Wannan kalmar ta gama da Zuhura. Ta ji kunya ta rufe ta kamar ita aka kama tana zubarwa. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, na baƙin ciki da na haushin kanta. Abin da ya fi ƙona mata rai, Inna ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da abin ya zo da sauƙi.

Da la'asar ta tari Tanimu. Shi kayan gyaran moto yake sayarwa a kasuwa, mutum ne mai sanyin hali, mai son zaman lafiya, musamman zaman lafiyar da ba ta sa shi tashi daga kan tabarma. Kunnensa ɗaya yana wajenta, ɗayan yana kan kokawar da yake kallo a salula.

"Inna ta rene mu, ga mu nan ƙatta," in ji shi. "Ke kin san ban iya ce mata ba ta iya ba."

Bakwai ta haifa, huɗu ne ke raye. Zuhura ta san lissafin, ta kuma san ba a faɗinsa, sai ta haɗiye.

"To ka yi mata magana a hankali."

"Sai ta huce."

"Ba ta yi hushi ba."

"To kin gani, kada mu tada shi."

Ya yi maganar gobe, gobe ta zama jibi. Zuhura ta ci gaba da tatsa, don in ta daina nonon zai janye, Inna kuma ta ci gaba da shayar da lemu, yanzu ma ba ɓoyo. Ango ya rage kuka, kuma wannan ya fi kukan tsoratar da uwarsa. Yana kwance yana bin mutane da manyan idanu. A aji Zuhura takan tsaya da alli a hannu ta manta abin da take rubutawa, sai yara sun tuna mata.

Sai ta yi dabara. Tanimu kullum yakan dawo gida wajen sha ɗaya ya sha fura kafin ya koma kasuwa. Ranar Laraba da yamma ta zauna kusa da shi ta yi masa bayani dalla-dalla: za ta daina sa nonon a kwalba, tunda Inna ta san kwalbar. Za ta zuba a ƙaramin kwanon sha mai marfi, irin wanda ake ajiye nonon fura a ciki. In ya dawo ya ɗauka, ya shiga ɗaki da yaron, ya ba shi da cokali. Ba faɗa, ba gardama, ba wanda ya ce wa Inna ba ta iya ba. Tanimu ya ce to, ya sake cewa to, idonsa a kan wani ƙato da ke shirin kai wani ƙasa.

Da safe ta cika kwanon kusan baki, na maraice da na asuba, ta tura shi bayan ledojin zoɓo. A zaure ta tsaya kusa da Tanimu yana goge takalmi.

"Nono na cikin firigo, ƙaramin kwano mai jan hure. Kada ka mance."

"In sha Allahu."

Bai manta ba. A nan dole a yi masa adalci.

Da ta dawo ƙarfe biyu, ta tarar da shi bai ma koma kasuwa ba. Yana kwance a inuwar lemu, hula a kan fuska, hannu a kan ciki. Inna tana gefe da Ango a cinya. Jin ƙarar moto ya sa Tanimu ya ɗaga hular, ya yi mata barka da dawowa.

"Madan, Allah shi yi miki albarka. Nonon ga da kib bar mini, ina kis samo shi? Ban taɓa shan hura irin ta yau ba."

Zuhura ta tsaya da makulli a hannu.

"Ni na ce mashi na raƙuma na," in ji Inna. "Na Buzaye, sabon tatsa. Ba shi da kauri, amma ga zaƙi, ko sukari ban sa ba da nid dama. Ludayi ukku nis sha, ni da ba ni son hurar rana. In mai nonon ta sake zakuwa ki ce ta riƙa kawo muna."

Ga kwanon mai jan fure a gefen tabarma, an suɗe shi tas. Abin da ya fara zuwa bakin Zuhura ba dariya ba ce, dariyar sai bayan kwanaki ta zo.

"Shi yaron mi yas sha?"

"Kunu nai, mana," in ji Inna.

Ta dubi mijinta. "Jiya mi nic ce maka?"

"Kin ce nono na cikin firigo."

"Wannan da sahe na. Jiya da marece."

Tanimu ya shiga lalube a cikin kansa. Ana iya ganin lokacin da maganar jiya ta iso masa, don fuskarsa ta sauka a hankali, ya tashi zaune, ya dubi kwanon, ya dubi gaban rigar matarsa da ya jiƙe, ya sake duban kwanon.

"Wace raƙuma?" in ji Inna, tana duban wannan tana duban wancan.

"Ni ta, Inna," in ji Zuhura.

Tanimu ya yi bayan ɗaki da gudu, aka jiyo shi yana ƙoƙarin dawo da abin da ya riga ya zauna. Inna ta saki salati, ta maimaita, ta dangwarar da Ango a hannun uwarsa ba tare da ta san ta yi ba.

"Aure ya mutu! Ya sha nonon mata tai, ta zama uwa tai. Tanimu, kada ka kuskura ka taka ɗakin ga. Ke kuma ja mayahinki. Ina takalmana?"

Gwiwoyin da ba sa kai ta likita suka ɗauke ta, cikin ranar ƙarfe biyu, har gidan Malam Illa da ke bayan tsohuwar rijiya, kuma waɗanda suka gan ta a hanya sun ce ba ta ko dafa bango ba.

Gida ya yi tsit. Zuhura ta duba hagu da dama, ba mai cewa ta wanke, ba mai cewa ta huce. Ta zauna a inda take, da zafin hanya a jikinta, ta ɗaga riga. Ango ya kama da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba, yana sha yana nishi, ɗan hannunsa yana damƙe da yatsanta. Tun da ta koma aiki, yau ne karo na farko da ta shigo gida ta shayar da ɗanta ba tare da ta jira izini ba.

Malam Illa tsoho ne, abokin marigayi tun suna zuwa ci-rani tare, kuma ya san Tanimu tun yana yawo ba wando. Ya shigo yana dogara sanda, aka shimfiɗa masa buzu, ya sa aka maimaita masa labarin sau biyu. Ba don bai ji ba ne.

"Tanimu, shekarunka nawa?"

"Talatin da huɗu, Malam."

"An yaye ka?"

Tanimu ya sunkuyar da kai.

"Kande, kwantar da hankalinki. Shayarwar da ka haramta aure ta jinjiri ta, wanda bai wuce shekarun shan nono ba. Wanga ya wuce su da shekara talatin da wani abu. Aure nai na nan daram. Sai dai kada shi mayar da abin sana'a." Ya shafa gemu don ya ɓoye bakinsa. "Shi kaɗai yas sha?"

"Shi kaɗai," in ji Inna da sauri.

Ta yi hamdala fiye da sau biyar, ta ce a kawo wa Malam zoɓo mai sanyi. Malam ya karɓa, ya leƙa cikin kofin da kyau kafin ya kurɓa. Sannan ya tambaya, shi dai don ya gane, me ya kai nonon mace cikin firigo.

Inna ta gyara zama, ta samu filin da take so. Ta ba shi labarin kwalba da sabon yayin 'yan lakkwal, ta ce ita dai Allah ya gani ba ta taɓa bari ɗigo ya shiga bakin angonta ba, don nonon da ya bar jiki ya kwana a sanyi guba ne, kowa ya sani.

Zuhura tana bakin ƙofar ɗaki da yaron a kafaɗa. Ta san in ta yi shiru yanzu, Malam zai shanye zoɓo ya tafi, a yi dariya, gobe a koma gindin lemu.

"Inna," ta ce, muryarta a ƙasa, "ludayi ukku kunka sha. Cikinku ya murɗa?"

Malam ya sauke kofi. Zuhura ta ci gaba.

"Kun ce ga zaƙi. Kun ce sabon tatsa na. Rabi nai na jiya da marece na, ya kwan tsakanin zoɓo da ƙanƙara."

Ta shiga ɗaki ta fito da karnen, ta durƙusa ta buɗe shi a gaban Malam, ta sa yatsa a inda layin ya karye.

"Malam, ku gahwarce ni, yau zan yi rashin kunya. Almustafa ya rame."

Sunan ya faɗo tsakar gidan da ba a taɓa jin sa daga bakin mace ba. Tanimu ya ɗago kai. Inna ta dafe ƙirji.

"Almustafa ɗana na, kuma shina ramewa ina kallo. Kwana ashirin da shidda abinci nai na tahiya gindin itacen ga, ba wanda yan nemi takalmi. Na yi ma uba nai magana, ya ce sai gobe. Yau ƙato ya sha na wuni guda, ga shi an ɗauko Malam da rana tsaka. In auren ga ya isa a yi mashi gudu, shi ma yaron ga ya isa."

Malam bai san karatun karne ba, amma layin da ya hau ya faɗo ba ya buƙatar lakkwal. Ya miƙa hannu aka ba shi yaron, ya jinjina shi, ya daɗe yana kallon fuskar mai sunan abokinsa.

"Kande, nonon ga haƙƙi nai na, ko cikin ƙirji ko cikin kwano. Wanda yaz zubas da shi abincin wani yaz zubas."

Inna ba ta dubi Malam ba. Idonta yana kan ɗan zaren da ta ɗaura wa Ango a wuyan hannu ranar suna, mai ɗan dutsen ado guda. Ta matso, ta sa yatsa ta juya shi, ya zagaya hannun a sake.

"Sau biyu nir rage zaren ga," ta ce, kamar da kanta take magana. "Na ce zaren na ka saki."

Ba ta ba da haƙuri ba, kuma Zuhura ba ta sa rai ba. Surukai ba su saba da wannan ba a nan ƙasar Adar, kuma ba a kan Inna Kande za a fara ba. Washegari dai da safe, Zuhura ta fito da kwano mai jan fure tana shakkar inda za ta nufa da shi, sai ta ga hannu a miƙe.

"Kawo nan, Madan. Nuna mini yadda aka ɗumama shi, in ba angona tun wancan ƙaton bai dawo ba."

Ba a rana ɗaya aka gyaru ba. Ƙoƙon bauri ya ɓace, amma sau biyu Zuhura tana kama Inna da cokalin ruwa, tana cewa leɓensa kawai ta jiƙa. Zaman inuwa ya ragu daga minti arba'in zuwa wanke hannu da shan ruwa, kuma shi ma sai da aka ja. Tanimu ya koyi riƙe cokali, yana yi yana duban ƙofa kada abokansa su shigo. Sai da aka yi mako shida kafin alƙalamin Hawa ya koma inda ya baro, kuma ramin da layin ya yi yana nan a karnen, ba ya gogewa.

Labarin furar kuwa ya zaga unguwa kafin magariba, har kasuwa, inda masu gyaran moto suka raɗa wa Tanimu suna Yayan Ango. Har yau in an taru a gidan suna sai wata ta tayar da shi, a yi dariya har da hawaye, Inna tana rantsuwa ita ɗanɗanawa kawai ta yi. Zuhura ma takan yi dariyar, don abin dariya ne. Sai dai ta lura labarin kullum daga ranar Alhamis ɗin yake farawa. Kwana ashirin da shidan da suka riga ta ba mai ba da su, don babu abin dariya a ciki, kuma babu babban da ya sha wahala a cikinsu. A gidaje nawa ne a garin nan ake tsiyaye irin wannan kwalbar kowace safiya, cikin so da kyakkyawar niyya, uwa tana kau da kai don a ce tana da kunya? Su ba a yi sa'ar wani ƙato ya yi kuskure ba.

Lemun tsamin dai ya yi kyau a shekarar. Ya yi ganye shar tun damina ba ta sauka ba, ya yi 'ya'ya har reshe yana taɓa ƙasa. In baƙi suka yaba, Inna takan ce albarkar hannunta ce.